Yadda kuɗin talabijin ke sake zana taswirar wasannin jami'o'in Amurka

Ranar Juma'a 4 ga watan Agustan 2023, jami'o'i biyar suka fice daga rukunin wasanni na Pac-12 a yini guda. Oregon da Washington suka nufi rukunin Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah kuma suka nufi rukunin Big 12. Mako guda kafin nan Colorado ta riga ta tattara nata-ya-nata, ga kuma USC da UCLA, manyan jami'o'in birnin Los Angeles, da suka sanar da tafiyarsu tun a Yunin 2022. Ba a cika wata guda ba Stanford da jami'ar California ta Berkeley suka bi sahu zuwa rukunin ACC. Rukunin da asalinsa ke komawa 1915, wanda ya fi kowane rukuni tarin kofunan ƙasa, ya wayi gari da mambobi biyu rak, Oregon State da Washington State.

Ba rashin iya wasa ne ya kashe shi ba. A wannan kaka ta bankwana Washington ta kai har wasan ƙarshe na ƙasa, inda Michigan ta doke ta a Janairun 2024. Abin da ya kashe Pac-12 shi ne rashin tashar talabijin da za ta sayi wasanninsa a farashin da mambobinsa za su amince da shi. Duk wanda ke son hasashen abin da zai faru nan gaba, daga nan ya kamata ya fara.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, wasannin jami'a a Amurka sun wuce gasar ɗalibai ta ƙarshen zango. Filin wasan jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, ya fi kowane filin ƙwallon ƙafa a Turai, kuma yana cika. Daga jami'a ake ɗaukar mafi yawan 'yan wasan da ke shiga manyan gasannin ƙwararru, kamar yadda Hakeem Olajuwon ya tashi daga Legas, ya buga wa jami'ar Houston ƙwallon kwando kafin a ɗauke shi gasar ƙwararru ta NBA a 1984. Jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni. Mambobin rukuni ɗaya suna karawa da juna, suna haɗa haƙƙin haska wasanninsu su sayar wa tashoshi a dunƙule, sannan su raba kuɗin. Babu faɗawa ƙasa ko hawa sama kamar yadda muka sani a gasannin Turai. Idan jami'a na son shiga rukunin da ya fi wanda take ciki, ba cin wasa ne zai kai ta ba, sai dai a gayyace ta. Wasan da ke kawo mafi yawan kuɗin kuwa shi ne ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita kamar zari-ruga. Ƙwallon kwando ta maza na biye daga nesa. Sauran wasannin, ninƙaya da tsere da ƙwallon raga da kokawa, kusan duk a kan kuɗin ƙwallon Amurka suke rayuwa.

Da can rukunonin nan ƙawancen maƙwabta ne. Big Ten ta jihohin tsakiya ce ta wajen manyan tafkuna, SEC ta kudu maso gabas, ACC ta gaɓar Tekun Atlantika, Pac-12 ta gaɓar Pasifik. Abin da ya fara kwance wannan ɗauri shari'a ce. Tun farkon shekarun 1950 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ita kaɗai ke sayar da wasannin ƙwallon Amurka ga talabijin, tana kuma ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a, don kada manya su lashe komai, kuma don kada mutane su zauna gida su bar filaye wayam. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, suka ce wannan danne kasuwa ne. A 1984 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya da alƙalai bakwai, biyu suka saɓa. Wanda ya rubuta ra'ayin masu saɓawa, Byron White, shi kansa tsohon tauraron wasan ne a jami'ar Colorado, kuma ya yi gargaɗin cewa hukuncin zai ja wasannin jami'a zuwa kasuwanci tsantsa. Shekaru arba'in da suka biyo baya sun gaskata shi.

Daga nan kowa ya zama mai sayar da hajarsa. Notre Dame, wadda ba ta cikin kowane rukuni a wannan wasa, ta ƙulla nata cinikin da tashar NBC wanda ya fara aiki a 1991. SEC ta ɗauko Arkansas da South Carolina ta cika mambobi 12, abin da ya ba ta damar shirya wasan fitar da zakaran rukuni daga 1992, wanda shi ma haja ne da ake sayarwa. Penn State ta shiga Big Ten. Rukunin Southwest ya ruguje a 1996, huɗu daga mambobinsa suka haɗu da rukunin Big Eight aka haifi Big 12, aka bar irin su Houston da SMU a baya. Houston sai a 2023 ta samu shiga Big 12, bayan shekara 27 tana jira.

Zagaye na biyu ya fi ban sha'awa, domin shi ne ke bayyana abubuwan da in ba haka ba za a ce shirme ne. A 2007 Big Ten ta buɗe tasharta ta kanta da haɗin gwiwar kamfanin talabijin na Fox. A tsarin talabijin na biyan kuɗi a Amurka, kamfanin da ke kai tashoshi gidaje yana biyan kowace tasha wani abu a kan kowane gida duk wata, ko mutanen gidan suna kallonta ko ba sa kalla. Kuma abin da ake biyan tashar rukuni a yankin da rukunin ke da mamba ya ninka na sauran wurare sau da yawa. To ka ga lissafin ya sauya. Abin tambaya ya zama gidaje nawa ne a yankin jami'a, ba ƙarfin ƙungiyarta ba. Wannan ne ya sa Big Ten ta ɗauki Rutgers da Maryland a 2014. Ba su da wani abin a zo a gani a ƙwallon Amurka, amma ɗaya tana bakin birnin New York, ɗaya tana bakin biranen Washington da Baltimore. Haka SEC ta ɗauki Texas A&M da Missouri a 2012, ta buɗe wa kanta sabbin jihohi biyu, kafin ta buɗe tasharta tare da tashar wasanni ta ESPN a 2014. A daidai wannan lokaci Nebraska ta koma Big Ten, Colorado da Utah suka koma yamma, ACC kuma ta yi ta tsince mambobin rukunin Big East har wancan rukuni ya daina buga ƙwallon Amurka da sunansa.

A nan Pac-12 ta yi kuskuren da ya bi ta har kabari. A 2011 ta samu cinikin dala biliyan 3 na shekara 12 da ESPN da Fox, wanda a lokacin babu kamarsa. Amma da ta zo buɗe tasharta a 2012, sai ta zaɓi ta mallake ta ita kaɗai, ba tare da wani babban kamfani ba. Niyyar ita ce riba duka ta zama tata. Sakamakon kuwa, ba ta da wani ƙato a bayanta da zai tilasta wa masu rarraba tashoshi su ɗauke ta, har ta kai DirecTV, ɗaya daga manyansu, bai taɓa saka ta ba. Ga kuma matsalar agogo, domin wasan da aka fara da ƙarfe bakwai da rabi na dare a Kalifoniya, a New York ƙarfe goma da rabi ne, mafi yawan masu kallo sun kwanta.

Yanzu zamanin ƙirga gidaje yana shuɗewa. Wajen 2011 ESPN tana shiga gidaje kusan miliyan 100, yau ba ta kai miliyan 70 ba, saboda mutane suna yanke biyan kuɗin tashoshi suna komawa kallo ta intanet. Abin da ya rage mai tara jama'a a lokaci guda, wanda ba a ajiye shi a kalla gobe, shi ne wasa kai tsaye, shi ya sa farashinsa ke hawa duk da raguwar gidaje. Sai dai ba kowane wasa ba. Tashoshi suna biyan kuɗi ne don karawar manyan sunaye, irin wasan Michigan da Ohio State na 2023 da mutum kusan miliyan 19 suka kalla. Wasa ɗaya irin wannan ya fi wasanni goma na matsakaita daraja a wurin mai talla. Da wannan sabon ma'auni za a gane abin da ya faru a Yulin 2021, lokacin da Texas da Oklahoma suka nemi shiga SEC. SEC ta riga tana da mamba a jihar Texas, saboda haka ba sabbin gidaje ta saya ba, sunaye ta saya. Big Ten ta mayar da martani da USC da UCLA, kuma ba a yi wata biyu ba ta sanya hannu kan cinikin sama da dala biliyan 7 na shekara bakwai da Fox da CBS da NBC. Ita kuma SEC, kason wasannin da CBS ke biyanta dala miliyan 55 a shekara ya koma hannun ESPN daga 2024 a kan kusan dala miliyan 300 a shekara.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara a nan. ESPN ce ke riƙe da dukkan wasannin SEC da na ACC. Fox ce babbar abokiyar cinikin Big Ten, ita ke da rinjayen hannun jari a tashar rukunin. Big 12 kuma su biyun ne suka raba ta. Ke nan kamfanoni biyu ne ke gaya wa kowane rukuni nawa za su ƙara idan ya ɗauki wance, nawa za su ƙara idan ya ɗauki wance. Shugabannin jami'o'i ne ke kaɗa ƙuri'a, gaskiya ne, amma a kan alƙaluman da tashoshi suka ba su suke kaɗawa. A 2021 kwamishinan Big 12 na lokacin, wato shugaban gudanarwar rukunin, Bob Bowlsby, ya rubuta wa ESPN wasiƙa yana zarginta da hannu a yunƙurin wargaza rukuninsa. ESPN ta musanta. Ko da an ajiye zancen maƙarƙashiya gefe, ba ya buƙatar wani ya ƙulla makirci. Ya isa tasha ta ce ba ta da sauran kuɗin saye.

Haka kuwa aka yi wa Pac-12. A Oktoban 2022 sabon kwamishinan Big 12, Brett Yormark, ya yi wuf ya sabunta cinikinsa da ESPN da Fox tun kafin lokacinsa ya yi, a kan dala biliyan 2.28 na shekara shida, wato kusan miliyan 31.7 ga kowace jami'a a shekara. Rahotanni sun nuna an yi wa Pac-12 tayin da ya kusa haka, shugabanninta suka raina suka nemi miliyan 50. Kafin su farga an cike gurbin. Abin da kwamishinansu George Kliavkoff ya iya kawowa daga ƙarshe shi ne tayin Apple na miliyan ashirin da 'yan kai, a intanet, wanda ƙaruwarsa ta dogara ga yawan waɗanda suka yi rajista. Oregon da Washington suka gwammace su karɓi kusan rabin kaso a Big Ten, wajen miliyan 30, da su zauna kan wannan. SMU kuwa ta yarda ta shiga ACC ba tare da karɓar kuɗin talabijin ba har tsawon shekara tara, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ce za su cike giɓin. Wannan kaɗai ya isa nuna yadda jami'o'i ke tsoron a rufe ƙofa suna waje.

Yau Big Ten, mai suna goma, mambobinta 18 ne. SEC 16, Big 12 ma 16, ACC kuma 17 a ƙwallon Amurka. Ana cewa manyan rukunoni huɗu ne, amma kuɗi yana cewa biyu ne. A sabon cinikin gasar fitar da zakaran ƙasa, wadda aka faɗaɗa daga ƙungiyoyi huɗu zuwa 12 a 2024, ESPN za ta biya dala biliyan 7.8 a shekara shida. Big Ten da SEC kowacce za ta ɗauki kusan kashi 29 cikin ɗari, ACC kusan 17, Big 12 kusan 15, sauran su raba abin da ya rage.

Abin da ya hana taswirar ci gaba da motsi a yanzu wata takarda ce da kowace jami'a ke sanya wa hannu, inda take miƙa wa rukuninta haƙƙin haska wasannin gidanta har zuwa wata shekara. Idan ta fice kafin lokacin, jikinta ne ya tafi, kuɗin wasanninta yana nan a tsohon gida, kuma babu rukunin da zai ɗauki mamba marar abin sayarwa. ACC ta ɗaure kanta da ESPN har 2036 don ta samu tasharta, wadda aka buɗe a 2019. A lokacin an ɗauka tsaro ne. Da farashin wasanni ya yi sama sai ya zama mari a ƙafa, domin Florida State da Clemson, masu kofunan ƙasa, suna kallon maƙwabtansu na SEC, Florida da South Carolina, suna karɓar abin da ya fi nasu da miliyoyin daloli duk shekara. A Disamban 2023 Florida State ta ci dukkan wasanninta 13 amma kwamitin zaɓe ya tsallake ta, ya saka Alabama ta SEC a gasar huɗun ƙarshe. Kafin watan ya ƙare ta maka ACC a kotu, Clemson ta biyo baya a Maris na 2024.

Sulhun da aka yi a Maris na 2025, a ganina, ya fi duk wata ƙaura da aka yi muhimmanci, ko da yake bai yi amo kamarsu ba. Abu biyu ya ƙunsa. Kuɗin ficewa zai riƙa sauka daga dala miliyan 165 har ya kai miliyan 75 wajen 2030, kuma wanda ya biya zai tafi da haƙƙin wasanninsa. Sannan kaso mafi girma na kuɗin talabijin za a raba shi ne bisa yawan masu kallon kowace jami'a. Wato an fasa ƙa'idar raba daidai, wadda ita ce ginshiƙin zaman rukuni tun farko.

Ga kuma sabon nauyi da ya hau kan kowa. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2021 a shari'ar Alston, inda alƙalai tara duka suka yi wa NCAA ca, an bar 'yan wasa su riƙa karɓar kuɗin talla da sunansu. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda ya tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga 'yan wasan baya, ya kuma ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ni ina ganin wannan daidai ne, ya ma makara. Ba adalci ba ne masu horarwa su riƙa karɓar miliyan goma a shekara, yaran da ke karya ƙashi a fili kuma a ce tallafin karatu ya ishe su. Amma miliyan ashirin a wurin jami'ar da rukuninta ke ba ta sama da sittin, ba ɗaya ba ne da miliyan ashirin a wurin wadda ke karɓar talatin da 'yan kai. Giɓin da a da yake bayyana a ginin ɗakunan motsa jiki, yanzu zai bayyana a wanda ya iya sayen ɗan wasa.

To ina aka dosa? Mai son hasashe ya fara duba kalanda. Cinikin Notre Dame da NBC zai ƙare a 2029, na Big Ten a 2030, na Big 12 a 2031, na gasar zakaran ƙasa jim kaɗan bayan haka, na SEC a 2034. Kuɗin ficewa daga ACC kuma zai sauka ƙasa daidai lokacin da Big Ten za ta koma kasuwa. Ban ɗauki wannan a matsayin katari ba. Yawancin manyan ƙaurace-ƙauracen baya sun faru ne shekara ɗaya zuwa uku kafin ƙarewar wani ciniki, saboda haka daga 2028 zuwa 2030 ne za a sake jin motsi.

Sai dai lissafin ƙara mamba ya yi tsauri. Idan kowa a rukuni yana karɓar miliyan sittin ko saba'in, sabon shiga dole ya kawo aƙalla hakan, in ba haka ba kason kowa zai ragu. Jami'o'in da za su iya wannan a waje ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Notre Dame ce ta farko da tazara, kuma Big Ten ta daɗe tana zawarcinta. Amma me zai sa ta shiga? Tana da nata cinikin da NBC, tana da hanyar shiga gasar zakaran ƙasa, kuma da ta kai wasan ƙarshe a Janairun 2025 kuɗin da ta samu, wajen dala miliyan 20, ba ta raba shi da kowa ba. Muddin manyan rukunoni biyu ba su daina buga wasa da ita ba, ko suka rufe mata ƙofar gasar, ba na ganin za ta motsa.

Florida State da Clemson da Miami suna da masu kallo, kuma su ne suka fi ƙagara. Amma waɗanda na fi zaton za a yi rububinsu su ne North Carolina da Virginia. Jihohi ne masu yawan jama'a da babu mamban Big Ten ko na SEC a cikinsu, jami'o'i ne masu suna a fagen ilimi, abin da shugabannin Big Ten ke alfahari da shi, kuma duk wanda ya samu North Carolina ya samu ɗaya daga manyan sunayen ƙwallon kwando. Inda gizo ke saƙa shi ne siyasar jiha. Jami'o'in gwamnati ne, kuma kowacce tana da 'yar'uwa a jiharta, NC State da Virginia Tech, waɗanda 'yan majalisa ba za su so a yasar ba. An taɓa ganin haka. A 2003 matsin lambar gwamnan Virginia, Mark Warner, ya taimaka wajen shigar da Virginia Tech cikin ACC, kamar yadda manyan 'yan siyasar Texas suka tsaya wa Baylor da Texas Tech lokacin kafa Big 12. A Kalifoniya kuwa hukumar jami'o'in jihar ta bar UCLA ta tafi, amma ta ɗora mata biyan jami'ar California ta Berkeley dala miliyan 10 a shekara.

Duk da haka, ban yi tsammanin labarin gaba na ƙari ne ba. Ina ganin na ragi ne. Tunanin da ya sa USC ta ga ba ta da dalilin raba kuɗi daidai da Washington State, shi ne zai sa Ohio State ta tambayi kanta me ya sa take raba daidai da Purdue ko Northwestern ko Rutgers, Alabama da Georgia su yi wa Vanderbilt da Mississippi State irin wannan kallo. Korar mamba abu ne mai wuya, ko da yake an taɓa yi, domin Big East ta sallami Temple daga ƙwallon Amurka bayan kakar 2004. Amma ba sai an kori kowa ba. Ya isa a ce kowa ya ci gwargwadon masu kallonsa, kamar yadda ACC ta riga ta buɗe hanya. Mataki na gaba da wannan shi ne manyan sunaye talatin ko arba'in su ware su kafa gasarsu, su sayar da ita a dunƙule.

Masu bin ƙwallon Turai sun san wannan labari ta fuska biyu. A 1992 manyan ƙungiyoyin Ingila suka ɓalle suka kafa Firimiya saboda kuɗin talabijin, abin ya zauna. A Afrilun 2021 ƙungiyoyi 12 suka sanar da Super League, magoya baya suka fito titi, cikin kwana biyu zuwa uku shirin ya watse. Bambancin shi ne Firimiya ta bar ƙofar hawa da sauka a buɗe, Super League kuma ta so rufewa. A Amurka ƙofar a rufe take tun asali, shi ya sa babu wanda ya fito titi don Oregon State. Sai dai akwai abin da zai iya taka wa manyan birki. Girman Ohio State ko Alabama an gina shi ne a kan cin wasa goma ko sha ɗaya duk kaka, kuma hakan na yiwuwa ne saboda akwai waɗanda ake ci. Idan manya suka keɓe kansu, dole rabinsu su riƙa ƙare kaka da rashin nasara ya fi nasara yawa, kuma ban ga magoya bayan Texas ko Michigan da za su jure wa haka shekara da shekaru ba. Ga kuma doka. Dokar 1961 da ta ba gasannin ƙwararru irin NFL izinin haɗa haƙƙin wasanninsu su sayar tare ba ta shafi jami'o'i ba, saboda haka duk wani shiri na sayar da wasan a dunƙule zai iya cin karo da hukuncin 1984, sai in majalisar dokoki ta shiga maganar.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne waɗanda ba a tambaye su ba. 'Yan ƙwallon Amurka wasa 12 suke yi a kaka, sau ɗaya a mako, galibi a jirgin haya. Amma 'yar wasan ƙwallon raga ta UCLA da za ta je Rutgers, tafiyar kusan kilomita 4,000 ce, ta fi nisan Kano zuwa Jidda, da bambancin agogo na awa uku, a tsakiyar mako, ta dawo ta shiga aji. Stanford da California da ke bakin Pasifik yanzu suna cikin rukunin gaɓar Atlantika. Waɗannan ɗalibai su ne mafiya yawa, mafi yawansu ba za su taɓa cin abinci da wasa ba, digirin shi ne abin da suka zo nema, kuma an sadaukar da barcinsu da karatunsu don cinikin wasan da ba su suke bugawa ba. Akwai kuma garuruwa irin Pullman, mazaunin Washington State, mai mutum dubu talatin da 'yan kai, inda otal da gidan abinci ke jiran Asabar shida ko bakwai na kaka. Akwai tsofaffin karawa da aka yanke, irin ta Oklahoma da Oklahoma State da aka fi shekara ɗari ana yi kafin ta tsaya bayan 2023. Kuma ɓarnar tana gangarawa ƙasa. Don su farfaɗo da rukuninsu, jami'o'i biyun da aka bari a Pac-12 sun janyo Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State daga rukunin Mountain West, shi kuma ya juya kan waɗanda ba su kai shi ba.

Mafitar da na ga ta fi hankali ita ce wadda Chip Kelly ya faɗa a 2023 yana mai horar da UCLA, cewa a cire ƙwallon Amurka a yi mata tsarinta daban, sauran wasanni su koma rukunonin maƙwabtaka. Notre Dame ta nuna ana iya raba su, domin tana zaman kanta a ƙwallon Amurka, sauran wasanninta kuma mafi yawansu suna ACC. Abin da ke hana wannan ba wuyar tsarawa ba ne. Kwamishinonin Big Ten da SEC ne ke da rinjaye a yanzu, kuma tsarin bai-ɗaya yana nufin su sauke wannan rinjaye su raba da wasu, abin da ban ga alamar za su yi da son ransu ba.

Saboda haka idan Big Ten ta zauna teburin ciniki gabanin 2030, ba sunan sabon mamba zan fara nema a labarin ba. Zan duba ko Ohio State da Michigan da Penn State sun yarda su ci gaba da karɓar kaso ɗaya da Purdue, da kuma ko an cika wa Oregon da Washington alƙawarin cikakken kaso. Idan raba daidai ya faɗi a Big Ten, rukunin da ya fi kowa riƙo da shi, SEC ba za ta daɗe ba za ta bi, kuma jami'o'in da ke ganin sun tsira don suna cikin manyan rukunoni biyu za su fara karɓar abin da bai fi na Big 12 da yawa ba.